Wasiƙar ƙorafi zuwa ga hukumar asibitin da mahaifiyata ta kwana a kan benci

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaban asibiti da hukumar kamfanin da ke tafiyar da shi.

Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba, amma na bi hanyar da kuka ce a bi, na cika fom ɗin ƙorafi na jefa a akwatin nan na bakin ƙofa, na tura saƙo ta imel ɗin da ke jikin risit ɗinku, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ba zan kama sunan asibitin ba, ba kuma zan kama sunan ma'aikaci ko ɗaya ba, ku dai kun san kanku, lambar fayil ɗin mahaifiyata tana jikin fom ɗin idan har akwai mai buɗe akwatin.

Tun farko bari in faɗa, ba jiran ne kaɗai ya ƙona min rai ba. Na san sashen imajansi ba wurin wanda ya riga zuwa ba ne, wanda ya fi jigata shi ake fara gani, idan aka shigo da wanda ya yi haɗari jini na zuba ko wanda numfashinsa ke ɗaukewa wallahi ni da kaina zan matsa a wuce da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne an duba Mama sau ɗaya tak a bakin shiga, aka manna mata launi, shi ke nan aka manta da ita kusan dare guda alhali jikinta yana ta canzawa a gaban idon kowa, kuma duk tsawon lokacin nan babu mutum ɗaya da ya zo ya ce mana ga halin da ake ciki.

Mama ta manyanta kuma tana da ciwon suga. Zazzaɓi ta fara da zafin fitsari, da yamma sai rawar sanyi ta kama ta har haƙoranta na haɗuwa, muka ɗauko ta. Mun iso wajen ƙarfe bakwai. Taga ta farko buɗe fayil, ta biyu biyan kuɗi, sannan aka kai mu wurin nas ɗin da ke tantance marasa lafiya, ta auna jininta da zafin jikinta ta manna koren sitika a kati ta ce mu je mu zauna. Tsakani da Allah a lokacin Mama tana magana garau, har gaishe da nas ɗin ta yi tana tambayarta ya aiki, don haka ba na jayayya da koren da aka ba ta a wannan mintin.

To amma ku da kanku kuka manna fosta a bangon wurin jira mai launi biyar, na karanta ta har na haddace saboda ba abin da zan kalla sai ita. Irin tsarin nan ne da aka ɓullo da shi a Manchesta ta Ingila a shekarun 1990: ja a gani nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 2, shuɗi cikin awa 4. Ko a bisa fostarku ya kamata likita ya ga Mama kafin ƙarfe tara. Kuma duk wanda ya san tsarin nan ya san launin ba tambari ba ne na dindindin, wanda aka ba kore zai iya komawa ja yana zaune, shi ya sa ake sake leƙa masu jira a sake auna su, musamman idan ɗan'uwansu ya zo ya ce jiki ya canza. Fostar ce kawai kuka ɗauko, aikin kun bar shi can.

Wajen sha ɗaya na dare Mama ta dube ni ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu shekara da shekaru. Na ɗauka barci ne ke ɗibarta, na miƙa mata gorar ruwa, ta kasa murɗe murfin, yatsunta sun yi sanyi ƙalau alhali goshinta kamar wuta, leɓenta ya bushe ya tsattsage, numfashinta sama-sama da sauri, sai na tuna tun da muka zo ba ta ce a kai ta bayi ba, ita da ciwonta ma na fitsari ne. Na tashi na je taga na ce, "Sista don Allah ki taimaka ki zo ki duba Mama, ta canza fa, ba ta gane ni." Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam kowa a nan mara lafiya ne, ku zauna za a kira ku." Da na sake komawa sai mai gadi ya taso ya tare ni wai ina tayar da hankalin jama'a. Ni ne mai tayar da hankali, ba tsohuwar da ke zamewa daga kan benci ba.

Daga baya likita ya gaya mana ciwon fitsarin ne ya bazu, jikinta ya fara juya wa kansa, abin da suke kira sepsis. Wannan fa ba baƙuwar cuta ba ce da za a ce ta ɓace wa ma'aikata. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambata sun ce a 2017 kusan mutum miliyan 49 ne suka kamu da ita, miliyan 11 suka mutu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya. Alamominta kuma su ne dai waɗanda na je taga na faɗa, ruɗewa, saurin numfashi, ɗaukewar fitsari, jini ya faɗi ƙasa, kuma tsofaffi da masu suga suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Ƙa'idar da likitoci ke bi a duniya ta ce idan alamu sun nuna ita ce sosai, ko jinin mutum ya riga ya faɗi, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 1 da ganewa. Yaya za a gane a wurin da ba mai dubawa?

Abin da ya ceci Mama ba tsarinku ba ne, wata yarinya ce nas da ta zo wucewa wajen ƙarfe biyu da rabi tana tura sandar ƙarin ruwa zuwa wani ɗaki. Ta wuce mu har ta yi gaba sai ta dawo, ta durƙusa a gabanta ta ce, "Sannu Mama, ina ne ke miki ciwo?" Mama ta ba ta amsar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ta kama hannunta ta danna farce ta saki tana kallo, ta ruga ta ɗauko abin awon jini, ina kallon fuskarta lokacin da lambar ta fito, ba ta ce min komai ba sai da gudu ta je ta turo keken marasa lafiya. Cikin ɗan lokaci kaɗan an sa ruwa, an ɗebi jini, an yi allura, likita ya zo, wani likitan ma ya zo. Ashe akwai kayan, akwai maganin, akwai masu iyawa, duk suna bayan ƙofa ɗaya da mu tun ƙarfe bakwai. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, ban san sunanta ba, ko na sani ma ba zan rubuta ba kar a je a ce ta bar aikin da aka sa ta.

Bayan nan kuma sai jira na biyu. An ce za a kwantar da ita amma babu gado a sama, aka bar ta a kan gadon turawa a baranda, fitila a kanta, mutane na gittawa, tsohuwa ana canza mata kaya ƙanwata na riƙe da zane tana kare ta don ko labule babu, haka har washegari da rana. Na tambayi wani ma'aikaci wai duk asibitin nan babu gado ɗaya, ya ce akwai waɗanda aka sallama tun safe amma suna jiran takardar sallama da lissafin kuɗi da magani daga famasi, sai sun tashi a goge gadon kafin a hau da wani. Kun ga ke nan cunkoson ƙasa daga sama yake farawa. Wanda ya warke bai fita ba, wanda za a kwantar ya toshe ɗakin imajansi, wanda ke kan benci ba shi da inda za a duba shi. Wannan ba laifin nas ɗin dare ba ne, aikin ofis ɗinku ne na rana.

Kar kuma a ce min zaman baranda rashin jin daɗi ne kawai. Akwai binciken da aka buga a 2022 a mujallar Emergency Medicine Journal, an duba bayanan marasa lafiya sama da miliyan 5 a Ingila, aka gano cikin waɗanda suka yi awa 6 zuwa 8 kafin a ba su gado, a kowane mutum 82 ana samun ƙarin mutuwa ɗaya cikin kwana 30. Mutane ne fa, iyayen wasu.

Na san za ku ce ai ko'ina haka ake fama, kuma da gaskiyarku ta wani ɓangaren. Ingila ta kafa ƙa'idar awa 4 tun 2004, cewa a ga mutum a sallame shi ko a kwantar da shi cikin wannan lokacin, daga 2010 aka tsayar da ita a kan kashi 95 cikin 100 na marasa lafiya, kuma tun 2015 ba su sake cim ma ta ba. To amma su duk wata suna fitar da alƙaluman kowa ya gani ya zage su. Ku fa? Abin da ke jikin allonku da shafinku na Facebook shi ne kulawar gaggawa awa 24, da hoton likita yana murmushi. Kuna ma auna tsawon lokacin da mutum ke yi tsakanin taga da likita kuwa? Idan kuna aunawa ku fito da shi, idan ba kwa aunawa to da me kuke tallar?

Wani abin da na lura da shi, a duk daren nan wuri ɗaya ne ban taɓa samu babu kowa ba, wurin kashiya. Can kwamfuta ba ta tsayawa, can ba a canjin aiki a bar kujera wayam. Ba na cewa kar ku karɓi kuɗi, kamfani ne ku, albashi kuke biya, amma a ce mutum ya shigo da mara lafiya a hannu a fara tura shi layin biya kafin a taɓa jikin wanda ya kawo, wannan ya kamata ku sake tunani. A Amurka ma da kowa ya san tsadar asibitinsu, tun 1986 doka ta wajabta wa sashen imajansi ya fara duba mutum ya daidaita shi ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Sannan muna barandar nan saƙo ya shigo wayata daga gare ku wai in ba ku taurari a kan yadda na ji daɗin hidimarku. Haba jama'a.

Ina roƙon kar a ɗauki wasiƙar nan a je a huce a kan nas ɗin taga. Maganar da ta gaya min ta yi min ciwo har yanzu, amma na ga yadda take, ita kaɗai ce a kan tantancewa da amsa waya da neman fayil da masu zuwa suna mata ihu, likita ɗaya na gani yana zirga-zirga tsakanin ɗakuna har idonsa ya yi ja. Idan kuka kore ta kuka kawo wata kuka ajiye a kujerar nan ita kaɗai, wata shida ma ya yi yawa za ta koma faɗin abin da waccan ta faɗa. Wanda ya tsara mutum nawa za su yi duti da dare shi nake so ya amsa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku ba ni kwafin fayil ɗin Mama da lokutan da aka rubuta komai, ƙarfe nawa aka tantance ta, ƙarfe nawa aka sake auna ta, ƙarfe nawa allurar farko ta shiga jikinta, haƙƙinta ne kuma ta sa hannu a ba ni. Ku sa ma'aikaci guda wanda aikinsa kawai zagaya wurin jira ne yana sake auna mutane, kuma idan ɗan'uwan mara lafiya ya ce jiki ya canza a tashi a duba kafin a kira mai gadi, in ya so idan ƙarya ya yi minti biyu aka rasa. A riƙa fitowa ana gaya wa mutane gaskiya, ko da cewa za a yi an kawo masu haɗari likita ba zai samu fitowa ba sai nan da awa uku, da an gaya mana haka tun tara da mun san shawarar da za mu yanke, ko mu nemi wani asibitin tun Mama na iya taka ƙafarta. Maganar sallama kuma a gama ta da safe, a daina riƙe gado saboda takarda. Labulen baranda wannan ko gobe za ku iya sa shi.

Mama ta dawo gida alhamdulillahi, amma ciwon ya taɓa ƙodarta, yanzu ana bibiyarta da gwajin jini, likitan da ke ganinta ya ce sai a hankali za a ga iya inda za ta farfaɗo. Ba kiran waya nake so ba na a yi haƙuri za mu duba, amsa nake so a rubuce da sa hannun wanda ke da alhakin sashen, ta adireshin da ke jikin fom ɗin. Idan na ji shiru zan kai takardun gaban hukumar da ke ba ku lasisi.

Na gode.

Ɗan mara lafiya.