Musun gem a waya ya fara shigo mana cikin gida

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili. Ni mai cajin waya ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Jahun, a bayan shagona akwai talabijin biyu da tsohuwar na'urar gem ta PS2 da yara ke buga ƙwallo, don haka duk wata rigimar gem a gabana ake ƙulla ta.

Musun nan fa ba yau aka fara ba. Tun muna samari wasu na PES ɗin kamfanin Konami wasu na FIFA, duka biyun gem ɗin ƙwallo ne, a yi ta ihu a kan benci kamar za a daku, amma da an kira magariba kowa ya karkaɗe rigarsa, buta ɗaya ma ake alwala da ita. PES ta koma eFootball a 2021, FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, mu nan har gobe tsohon sunan muke kira. Abin da ya lalace shi ne tun da musun ya bar benci ya koma cikin waya.

Bayan an gama yankan gero wasu samari biyu suka kwasa a gurup ɗin WhatsApp na matasan garinmu, kuma wallahi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda in sun haɗu ba irin tsiyar da ba sa yi wa juna ana dariya. Na gida ya rubuta cewa a gem ɗin harbe-harbe na waya Free Fire ta fi PUBG daɗi, shi ke nan fa abin da ya ce. Ɗayan da ke zaman kasuwa a Kantin Kwari a Kano ya mayar masa da "ai dole ka ce haka tunda wayarka ba ta ɗaukar PUBG". To gaskiya ne Free Fire tana tafiya a ƙananan wayoyi, ita kuwa PUBG tana son waya mai ƙarfi da wuri mai yawa, amma yaron nan akuyarsa ya sayar ya sayi wayar, ni na raka shi kasuwa ma, ka ga ai magana ta tashi daga gem ta koma gorin talauci. Ni a ganina kusan duk faɗan nan haka yake, wanda ya zuba kuɗinsa a data da sayen dayamon, wato kuɗin cikin gem, ya kwana yana bugawa, in ka kushe gem ɗin kamar ka ce masa wawa ne shi.

Sannan rubutu ba shi da fuska. A majalisa in taubashinka ya ce maka ɗan ƙauye kana ganin haƙoransa a waje, a waya kuwa baƙaƙe ne kawai, da irin muryar da ka ga dama za ka karanta, ga mutum sama da hamsin suna kallo, ga ’yan zuga masu turo sitika suna cewa "kai yanzu ka yarda ya faɗa maka haka?", kuma duk wannan wajen ƙarfe ɗayan dare ake yi lokacin garaɓasar data, ba babba ko ɗaya da zai ce ku tashi haka nan. Mafi muni maganar ba ta gogewa, da safe ya sake karantawa ransa ya sake ɓaci sabo fil. Kafin azahar an fara turo murya ana ambaton iyaye, wani kuma ya ɗauki hoton hirar ya kai wa uwar na gidan.

Sai da aka je gaban mai unguwa. Dattijon ya saurara tsaf, sannan ya ce shi wannan Firi Faya ɗin gona ce ko mace? Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Roƙona ga masu riƙe da gurup, ku dinga rufe shi da daddare, kuma wanda ya taɓo iyayen wani a cire shi nan take ko ɗan waye. Su dai yaran an sa sun yi musabaha, amma iyayensu mata har yanzu gaisuwa sama-sama ce, kuma da na Kanon ya zo gida ranar Juma'a suka kawo caji lokaci guda, sai da na raba musu soket.

Naka,
Mai shagon caji, daga ƙasar Jahun, Jihar Jigawa