Godiya ga kamfanin da ya kai iyalina Abeokuta da bakin tekun Badagry

Zuwa ga Alhaji shugaban kamfani da dukkan ma'aikatansa,
Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a?

Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuta wannan takarda a fili domin abin da kuka yi mana bai kamata ya tsaya tsakanina da ku ba. Mutane da yawa a garin nan suna sha'awar su ga teku, su nuna wa 'ya'yansu tsofaffin garuruwan Kudu, amma fargaba ke hana su motsi. Wa zai riƙe su a can? Ina za su yi salla, me za su ci, yaya za a yi da mata da tsofaffi? Da wannan fargabar na shigo ofishinku, ga shi kuwa tafiyar ta haɗa da uwargida da 'yata da jikoki, har da Yayata wadda gwiwa ke damunta. Kuka karɓe mu amana, kuka riƙe amanar har ƙofar gida.

Zancen kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, amma dole in faɗa. Abin da kuka rubuta mini a takarda shi na biya, ba a ƙara mini ko kwabo a hanya ba. Da jirgin sama ya yi mana jinkiri a Abuja har muka rasa jirgin ƙasan yamma daga Legas, kafin mu sauka kun riga kun samo mana masauki, kun mayar da tikitinmu na safe. Ni dai saƙo kawai na gani a waya.

Wannan jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 2021, shi ya sauke mu a Abeokuta. Mu mutanen Bauchi ba baƙin dutse ba ne, a cikinsu muka tashi, saboda haka ban zaci Dutsen Olumo zai ba ni mamaki ba. Tsayinsa mita 137 ne, ba wani abin a zo a gani ba ga wanda ya saba da duwatsunmu. Abin da ya kama ni shi ne yadda yaronku ɗan rakiya ya sa muka sunkuya muka shiga kogunan da Egbawa suka fake a ciki lokacin da suka zo wurin a 1830 ƙarƙashin jagorancin Sodeke, suna gudun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar daular Oyo. Ya nuna wa jikokina ramukan da mata suka sassaƙa a jikin dutsen suna niƙa barkono, sun yi sumul saboda aiki. Ƙaramar jikata ta tura hannunta a ciki ta ce, "Kaka, a nan suke girki?" Daga sama muka hango Kogin Ogun da tsofaffin rufin kwano ja-ja-ja har iya ganin ido, yaron yana ba su labarin yadda garin ya kori rundunar Dahome a 1851, ya sake korarta a 1864. Na yi shekaru ina koyar da tarihi a aji, kuma ban ji ya yi kuskure ko ƙarin gishiri ba. Duk tsawon lokacin nan 'yarku ma'aikaciya tana ƙasa tare da Yaya a inuwa, ta samo mata kujera, suna hira kamar sun daɗe da sanin juna.

A kasuwar Itoku mata suka karɓi ragamar tafiyar. Uwargida ta tsaya tana kallon yadda ake zana fure da kunun rogo a jikin farin yadi kafin a tsoma shi a baba, inda kunun ya taɓa ya fito fari. 'Yarku ce ta yi musu ciniki da Yarbanci, kuma sai da ta nuna musu bambancin adire na hannu da wanda inji ya buga, don kada su biya kuɗin wani su tafi da wani.

Abin da ban roƙa ba kuka ƙara mana shi ne hanyar karkara. Maimakon mu koma ta cunkoson Legas, direbanku ya bi da mu zuwa Badagry ta Ilaro da Ado-Odo, ta cikin ƙauyuka, muna wuce mata suna tuyar garin rogo a manyan kasake, da bishiyoyin kwakwar manja jere a bakin hanya. Sai ya tsaya da mu a wata gonar goro. Ranka ya daɗe, na tsufa ina cin goro, da shi aka ɗaura mini aure, da shi na raɗa wa 'ya'yana suna, amma sai a ranar na ga bishiyarsa da idona. Mai gonar ya tsinko kwanso guda, kore mai ƙuraje-ƙuraje, ya fasa da wuƙa, sai ga 'ya'yan a jere kowanne lulluɓe da farar fata. Ya ce sai an jiƙa an sale fatar, an bar shi ya tsane, sannan a jera a kwando da ganye kafin fatake su ɗaure huhu zuwa Arewa. Yaya ta karɓi ɗaya ja ta daɗe tana jujjuya shi a tafin hannu. Wanda ya tsara wannan tsayawa ya san mutanen da ya ɗauko.

Badagry kuwa gari ne da ba a shiga da dariya. Mun ga benen nan na 1845 da 'yan mishan suka gina, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, mun ga tsohon ofishin Turawa na 1863 da aka mayar gidan tarihi. Yaronku ya tuna mana cewa daga wannan gari Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 ya nufi Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato ya rasu a 1827. Jikokina suka yi mamakin jin cewa akwai hanya tsakanin nan da ƙasarmu tun kafin mota. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40. Na shiga ɗaya daga ciki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da wata 'yar kafa can sama da iska ke shigowa, kuma masu kula da gidan suka ce mutum 40 ake cusawa a irinsa ana jiran jirgi. A gidan tarihin zuriyar Mobee aka ɗora mini sarƙar wuya a hannu, nauyinta ya sa na kasa magana.

A nan ne na fi yaba wa tarbiyyar da kuka yi wa ma'aikatanku. Yaron bai ɓoye wa yara komai ba, bai kuma firgita su ba. Ya faɗa musu cewa Turawa ne ke saye, amma baƙaƙen fata ne ke kamawa suna sayarwa, cikinsu har da masu salla. Ya faɗa musu cewa cikin waɗanda aka kwashe akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shirya bore a 1807, kuma Musulmin bayi suka sake tayar da wani babba a 1835. A ganina haka ya kamata a koyar da yaro tarihi. Wanda aka nuna wa laifin wasu kawai ba zai taɓa gane yadda abin ya faru ba.

Muka haye ruwa a jirgin kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, kuma ba wanda ya taka jirgin sai da 'yarku ta duba rigar ruwan kowa ta ɗaure ta da hannunta. Daga can akwai tafiya a cikin yashi, ta gefen rijiyar da aka ce ana shayar da bayi, har zuwa inda jirage ke jiransu. Kun tanadar wa Yaya abin hawa, ba ta taka ba.

Sai teku. Kun zaɓa mana safiyar ranar aiki, kuka ce ranar Lahadi wurin cika yake da kiɗa da jama'a, iyali irin namu ba za su sake ba. Gaskiyarku. Muka tarar da masunta sun yi layi biyu suna jan wata doguwar igiyar koma daga cikin ruwa, suna waƙa suna ja da baya taki ɗaya, mata na tsaye da manyan robobi suna jiran rabonsu. Jikana ya roƙa aka bar shi ya kama igiyar. Kafin kowa ya kusanci ruwa yaronku ya ja layi a yashi da ƙafarsa, ya bayyana cewa Tekun Atlantika a wannan gaɓa yana da ja, igiyar da ta dawo tana kwashe yashin ƙarƙashin ƙafar mutum, ko gwanin iyo na madatsar ruwan Gubi bai isa ya yi wasa da shi ba. Ba wanda ya wuce gwiwa. 'Yarku ta kai mata can gefe inda babu maza, ita da 'yata suka riƙe Yaya hagu da dama har ruwan ya zo ya rufe mata idon sawu. Daga inda nake ina jin ta tana ta maimaita "Subhanallahi", hijabinta na kaɗawa. Shekarunta sun haura saba'in, ba ta taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba.

Da azahar ta yi, jikana ya tambaya ko ana alwala da ruwan gishiri. Na ce masa ana yi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwan teku mai tsarki ne. Direbanku ya fito da tabarmi daga mota, ashe tun daga Legas suke ciki, muka yi ƙasaru a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa. Bayan nan aka kawo gasasshen kifi da aka saya a gabanmu, aka fasa mana kwakwa muka sha. Haka aka yi da abinci duk tafiyar, ba mu taɓa zama muna tambayar wa ya yanka ba, kun riga kun bincika.

Ina da roƙo biyu, Alhaji. Ku buga ɗan littafi da Hausa mai bayanin waɗannan wurare, domin abin da yaronku ke faɗa da baki ya fi ƙarfin a bar shi ya bi iska, malaman makaranta ma za su amfana. Na biyu, mai gonar goron nan ya ce mini bai taɓa ganin giwa ba. Ku shirya irin wannan tafiya daga can zuwa nan, a kawo su Yankari su yi wanka a Wikki, su ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa, su ci masar Bauchi da zafinta. Idan kun tashi yi, ni mai rakiya ne ba tare da an biya ni ba.

Ku isar mini da gaisuwa ga yaronku da 'yarku da direba, Yaya ta ce a gaya musu tana sa musu albarka. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku a kan hanyoyinku, Ya saka muku da alheri, amin.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Bauchi.