Amfilifaya biyu a kan lasifika ɗaya: a auna kafin a jona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin masu sha'awar kayan sauti a nan Kaduna kan wani kuskure da ke cinye musu kuɗi. Ana yayin jona amfilifaya biyu a lasifika ɗaya, guda ta tura wufa mai fitar da bes, guda ta tura tuwita mai siririn sauti. Sai mutum ya shiga Kasuwar Gumi ya ɗauko babba mai wat 100 da ƙarama mai wat 20, wai ai tuwita ba ta shan wuta. Kafin a je ko'ina tuwita ta ƙone.

Gaskiya ne ba ta sha da yawa. Galibin ƙarfin kiɗa yana wajen ganga da bes, abin da ya haura hez 2,500 (hez ma'aunin tsinin sauti ne) kaɗan ne. Amma a ina ake raba sautin? A lasifikar gida mai kusoshi huɗu a baya, kirosoba, na'urar da ke raba bes da siririn sauti, tana cikin akwatin, wato sai sauti ya fito daga amfilifaya ake tace shi. Ke nan ƙaramar ma cikakken kiɗa take karɓa, har da bes, kuma dole ta ɗaga shi daidai da babbar. Wat 100 a kan lasifika mai om 8 bol 28 ne na wuta, ita kuwa mai wat 20 ba ta kai bol 13. Da an ƙure murya sai ta fara datse kan sautin. Datsewar nan ke haifar da ƙara mai tsini, wadda kirosoba ke bari ta wuce cikin kwail ɗin tuwita, wayar da ba ta fi silin gashi kauri ba. A irin wannan haɗi, shawarata a sayi amfilifaya biyu iri ɗaya, lamba ɗaya. Kuma wat na RMS nake nufi, wato ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, ba na PMPO da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba.

Don Allah, kafin komai a kwance ƙarafan nan biyu da suka haɗe kusoshin sama da na ƙasa. Idan aka bar su, amfilifayoyin za su riƙa tura wa juna wuta har tiransistocinsu su ƙone.

Wanda ya riga ya mallaki iri biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, abin da zai daidaita shi ne yadda kowace ke ninka sautin da aka ba ta. Ya cire wayoyin lasifika, ya saka sautin gwaji na hez 50 daga wayar hannu (a nan ne ƙaramar mitar awon wuta ke karatu daidai), ya juya mita zuwa AC, ya auna bakin kowace ba tare da ya taɓa maɓallin murya ba. Idan ɗaya ta nuna bol 2, ɗaya 2.8, tazarar ƙarfin sauti desibel 3 ce, kuma kunne zai ji: ko muryar mawaƙi ta yi ƙarau-ƙarau, ko ta dusashe. Ya rage wadda ta ɗara da maɓallin matakinta har su zo ɗaya. Ya kuma lura da ja da baƙi wajen jona wayoyi, domin idan aka juya ɓangare ɗaya, sautin tsakiya kan yi rami.

Ƙarama tana da amfani ne idan an raba sauti tun kafin amfilifaya, da kirosoba mai amfani da wuta, aka kuma cire wadda ke cikin akwatin. A nan bes ba ya isa gare ta, don haka wat 25 zuwa 30 sun wadaci tuwitar da wufarta ke kan wat 100. Sai dai yanzu tuwita ba ta da kariya, ga shi wutarmu a ɗauke a dawo, a kuma koma janareta. Bugun da amfilifaya ke yi lokacin tashi ya isa ya kashe ta. A saka mata kapasito marar ja da baƙi, mai maikirofarad 22, a kan wayarta ta ja idan om 8 ce. Wajen kunnawa a bar amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa a fara da ita.

Na gode.

Wani mai gyaran kayan sauti,
Tudun Wada, Kaduna