Ranar Harshen Ingilishi: A Koyar da Tarihinsa

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, na karanta rahotonku kan Ranar Harshen Ingilishi ta 23 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2010. Na ji daɗinsa, sai dai ya tsaya kan yabon yaɗuwar harshen, bai taɓo asalinsa ba.

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na coci da malamai, Ingilishi kuwa na talakawa. Sai a 1362 doka ta yarda a yi shari'a da shi. Wajen 1476 wani ɗan kasuwar Ingila mai suna William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster da ke Landan, littattafai suka fara isa hannun jama'a. Dubban kalmomin da Ingilishi ya aro daga Faransanci kuma ƙarfi suka ƙara masa.

A makarantunmu ɗalibai na haddace nahawu, amma da wuya a ba su wannan labari, abin da ke sa da yawa tsoron harshen. Ina roƙon jaridarku ta riƙa ware shafi guda domin wannan tarihi duk shekara, malaman Turanci su karanta wa ɗalibai a aji.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya