Amsa ga Mai Tambaya: Shekaru Goman Bryan Danielson a Ƙananan Zauruka Ba Zaman Jira Ba Ne

Malam, assalamu alaikum.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso gare ni, kuma tun da a fili ka yi ta, ya dace amsarta ma ta zo a fili. Ka ce ba ka ga dalilin da zai sa na riƙa kiran ɗan resilin ɗin nan na Amurka, Bryan Danielson, gwani tun kafin ya shiga WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, ba, alhali shekara goma ya kwashe yana karakaina a ƙananan zauruka, babu albashi, babu babban gidan talabijin da ke nuna shi. A ganinka, wanda bai taka dandalin WWE ba bai fara sana'ar ba tukuna, don haka waɗannan shekaru asara ce da zaman jiran tsammani. Ni kuwa ina ganin a cikinsu ne ya yi mafi ingancin aikinsa, ko da yake akwai ɓangaren maganarka da ba zan iya musantawa ba, kuma zan zo kansa.

Ba zan daɗe a kan batun shiri ba, domin kai ma ka san cewa kafin a hau dandali an riga an tsara wanda zai yi nasara. Abin da ake auna ɗan wasa da shi shi ne iya riƙe hankalin 'yan kallo, da iya kare lafiyar abokin karawarsa yayin da yake nuna kamar zai karya shi, da kuma yawan mutanen da za su sayi tikiti saboda sunansa. Faɗuwar da yake yi a kan katako dai ta gaske ce.

Kafin a yi wa shekarun Danielson hukunci, sai an san halin da sana'ar take ciki a lokacin da ya shigo ta. A da can, Amurka a rarrabe take yanki-yanki, kowane yanki da kamfaninsa da taurarinsa da tashar talabijin ɗinsa, akasarinsu a ƙarƙashin inuwar ƙungiyar NWA da aka kafa a 1948. Ɗan wasa yakan yi watanni a wannan yanki, idan mutane suka fara gajiya da shi ya ƙara gaba, ta haka yake koyon aiki a hannun manya daban-daban. A shekarun 1980 Vince McMahon ya faɗaɗa kamfaninsa, wanda a yau ake kira WWE, ya mamaye ƙasar baki ɗaya, yankunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris na 2001 ya saye babban abokin hamayyarsa, WCW, a shekarar kuma kamfanin ECW na birnin Filadelfiya ya durƙushe saboda bashi. Daga nan babban mai ɗaukar aiki ya zama guda ɗaya tak a ƙasar, wanda kuma ya fi sha'awar dogaye masu murɗaɗɗen jiki. Duk wanda bai dace da wannan ma'auni ba, abin da ya rage masa shi ne ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ke hayar zauren makaranta ko na tsoffin sojoji su kafa dandali a daren Asabar.

An haifi Danielson a 1981 a Aberdeen, wani ƙaramin gari a jihar Washington, ya kuma tafi San Antonio ta jihar Texas ya koyi sana'ar a makarantar shahararren ɗan wasa Shawn Michaels, ya fara wasa a 1999 yana da shekara 18. Abin da tambayarka ta tsallake shi ne, kamfanin McMahon ya taɓa ɗaukarsa tun a shekarar 2000, ya tura shi birnin Memphis don ƙarin horo, inda ya haɗu da Baturen Ingila William Regal wanda ya zame masa ubangida a harkar, sannan a 2001 aka sallame shi. Ke nan ba ƙofar ce bai taɓa gani ba. Ya shiga, an duba shi, an ce ba a bukata. A ƙarshen wannan shekara ya lashe wata gasa da aka yi a California wadda ta tara fitattun 'yan wasa masu zaman kansu, kuma faifan wannan gasa yana cikin abubuwan da suka zaburar da waɗanda suka kafa kamfanin Ring of Honor. Ranar 23 ga Fabrairun 2002 kamfanin ya yi wasansa na farko a wani zauren motsa jiki na unguwa a Filadelfiya, babban karon daren kuwa tsakanin Danielson da Low Ki da Christopher Daniels aka yi shi.

Yadda wannan kamfani yake samun kuɗi shi ne ya bayyana irin wasan da ake yi a cikinsa. A lokacin ba shi da kuɗin talabijin, 'yan kallon da ke zaure kuwa ɗaruruwa ne, don haka ribarsa tana ga sayar da kaset da faifan DVD ga masu oda daga nesa. Mutum ba zai aika kuɗinsa ya sayi faifai don ganin surutu da wasan minti biyar ba, sai an ba shi abin da ba zai samu a talabijin ba. Saboda haka mai tsara wasannin, Gabe Sapolsky, ya sakar wa 'yan wasa mara, ya ba su lokaci mai tsawo, aka kuma kafa al'adar yin musabaha kafin karo da bayansa domin a nuna cewa gwaninta ake sayarwa a nan. A 2004 Danielson da Austin Aries sun yi karo guda da ya haura minti 70, abin da babu wani shirin talabijin mai tallace-tallace da zai lamunta.

Shi kansa ɗan wasan, rayuwarsa ta fi kama da ta ɗan damben gargajiya da ke bin gidajen dambe gari-gari bayan kaka, wanda abin da zai koma gida da shi ya dogara ga sunansa da karin da masoya suka yi masa. Ana biyansa ne dare-dare, gwargwadon yadda suka daidaita da mai shirya wasa, kuma sau da yawa mutum huɗu ko biyar ne za su cunkushe a mota ɗaya su yi tafiyar sa'o'i don su raba kuɗin mai. Da an tashi hutun rabin lokaci, zai tsaya a bayan tebur yana sayar da riguna da hotunansa da hannunsa, wani lokacin abin da zai samu a teburin ya fi ladan wasan. Babu ƙungiyar ƙwadago, babu fansho, babu inshorar lafiya daga wurin kowa, a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan iya cinye abin da mutum ya tara a wata da watanni. Amma sunansa nasa ne, salonsa nasa ne, shi ke zaɓar inda zai je da wanda zai ƙi yi wa aiki.

Wannan 'yanci ne ya ba Danielson irin makarantar da ta ɓace tare da tsoffin yankuna. Ya yi aiki a Japan da kamfanin New Japan, inda ya riƙe kambun 'yan bibbiyu na marasa nauyi a 2004, daga baya kuma da kamfanin NOAH, inda ya ɗauki kambun marasa nauyi a 2008; can ne ake bugu da gaske, 'yan kallo kuma su yi tsit suna nazarin kowane riƙo. Ya yi watanni a Ingila yana wasa a sansanonin hutu na Butlins a gaban iyalai da yara waɗanda ba su san sunansa ba, ba su kuma damu da tarihinsa ba, inda dole ya koyi sa mutane dariya da ihu ba tare da ya karya wuyansa ba. Ya yi wasa a Jamus, ya riƙe kambun kamfanin PWG na California sau biyu. A tsakiyar wannan yawo, a 2003, WWE ta kira shi aikin kwana ɗaya aka haɗa shi da wani matashi mai tasowa, John Cena, a ƙaramin shirinta, domin kawai ya sha kaye. Da a can ya zauna, irin aikin da zai yi ta yi ke nan.

Ranar 17 ga Satumban 2005 ya karɓe kambun duniya na Ring of Honor daga hannun James Gibson, ya riƙe shi kwana 462, ya kare shi sau 38, har Homicide ya ƙwace shi a New York ranar 23 ga Disamban 2006. A ra'ayina babu wani zango a rayuwarsa, har da na WWE, da ya kai wannan. A nan ne ya nuna cewa mutum mai matsakaicin tsawo, sanye da gajeren wando ja maras ado, zai iya sa zaure ya ƙi jininsa yau ya kuma yi masa tafi gobe, ya kuma gama karo ta hanyoyi da dama ta yadda ɗan kallo ba zai iya cewa ga inda za a ƙare ba. Masu karanta mujallar Wrestling Observer sun zaɓe shi gwanin dabarun riƙo shekara tara a jere, daga 2005 zuwa 2013, biyar na farko duk yana zaman kansa, daga bisani ma aka sa wa kyautar sunansa.

Yanzu ga inda gaskiya take wajenka, kuma ba ƙarama ba ce. A watan Agustan 2006, a karonsa da Colt Cabana, kafaɗarsa ta goce, jijiyoyi suka tsinke, amma ya ƙarasa wasan, ya kuma ci gaba da kare kambun har watanni huɗu da wannan rauni, domin wanda ake biya dare-dare idan ya kwanta jinya tukunyarsa ce ta sauka. A cikin watan ne kuma, a Liverpool, abokin hamayyarsa Nigel McGuinness ya bari aka riƙa gwara kansa da ƙarfen kusurwar dandali har jini ya wanke masa fuska. A Agustan 2007, a karonsa da Takeshi Morishima na Japan, ƙashin kwarmin idon Danielson ya tsage, tantanin da ke bayan idon ya ɓamɓare, sai da aka yi masa tiyata. Masu sayen faifai sun yaba waɗannan dare, ni ma na yaba, amma babu likitan kamfani mai ikon cewa a tsaya, kuma buguwar kai da ya tara tun daga wancan zamani tana cikin abin da ya tilasta masa ajiye wasa a Fabrairun 2016, kafin likitoci su sake ba shi izini a 2018. McGuinness ma, wanda WWE ta nemi ɗauka lokaci guda da Danielson a 2009, bai tsallake gwajin lafiya ba, cinikin ya rushe, ya kuma yi ritaya a 2011. Hanya ɗaya suka bi, gwanintarsu kusan ɗaya, jikin ɗaya ne ya riga na ɗayan gazawa. A bayansu kuma akwai ɗaruruwan da ba a taɓa buga sunansu a ko'ina ba, waɗanda ke aikin yini a shago ko ma'ajiyar kaya su yi kokawa a ƙarshen mako har gwiwa ta ƙi. Idan da kan waɗannan ka gina tambayarka, da ban yi saurin ja da kai ba.

Amma a kan Danielson ka gina ta, abin da ya faru a 2010 kuwa ya isa hujja. WWE ta canza masa suna zuwa Daniel Bryan, ta sa shi a shirin sababbin shiga kamar wanda bai taɓa hawa dandali ba. A watan Yuni, a wani hargitsi da aka tsara, ya shaƙe mai sanarwa Justin Roberts da ƙyallen da masu kwat ke ɗaurawa a wuya, kamfanin ya ga abin ya wuce iyakar shirin da yara ke kallo, ya kore shi. Wanda WWE ce kaɗai ta yi shi, kora irin wannan takan zama ƙarshensa. Shi kuwa cikin 'yan makonni ya koma ƙananan zaurukan da ya baro, masu shirya wasa suna rububinsa, 'yan kallo suna jefa irin wannan ƙyalle cikin dandali don yi masa maraba, kafin watan Agusta ya ƙare kuma WWE ta dawo da shi. Mutanen da suka yi ta kiran sunansa har kamfanin ya sauya shirinsa ya ba shi babban kambu a WrestleMania ta 30, wato babban wasan WWE na shekara-shekara, a New Orleans ranar 6 ga Afrilun 2014, bayan ya kayar da Triple H a farkon dare sannan Randy Orton da Batista a ƙarshensa, jagororinsu su ne waɗanda suka san shi tun zamanin faifai.

Ba shi kaɗai ba ne. CM Punk da Samoa Joe da Seth Rollins da Kevin Owens duk ta Ring of Honor suka biyo, kuma salon da ake gani a manyan wasannin WWE a yau ya fi kusa da na waɗancan zauruka fiye da na shekarun 1990. A Satumban 2018 Cody Rhodes da 'yan'uwan nan biyu da ake kira Young Bucks, ba tare da WWE ba, suka cika wani zaure kusa da Chicago da mutum fiye da 10,000, abin da ya share hanyar kafa kamfanin AEW a 2019. Can Danielson ya koma a 2021 da sunansa na yanka, bisa zaɓin kansa, ya kuma ɗauki kambun kamfanin a filin Wembley na Landan a Agustan 2024.

Ina roƙonka, Malam, ka nemi karonsa da KENTA na Japan wanda aka yi a New York a Satumban 2006, lokacin da kafaɗar tasa take a tsinke, ka kalle shi daga farko har ƙarshe, sannan ka ajiye shi kusa da duk wasan da ka fi so daga zamaninsa na WWE. Idan bayan haka kana nan a kan bakanka, ka rubuto a fili kamar yadda ka yi da farko, ka faɗi abin da ka ga ya rasa a 2006 wanda ya samu daga baya, ban da albashi da yawan 'yan kallo.

Ka huta lafiya.