Zuwa Ga Abokan Cinikinmu, Kan 'Yan Tsakin Bantam Da Suka Iso A Galabaice

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu masu kiwo, muna gaishe ku. Ya sanyi, ya kuma haƙuri da mu?

Tun yammacin Asabar wayata ba ta huta ba. Wasu na ɗauka, wasu ban samu ɗauka ba, kuma na san akwai waɗanda ransu ya ɓaci har suka ƙi kira. Shi ya sa na zauna daren nan na Lahadi in rubuta muku gaba ɗaya. 'Yan tsakin bantam, wato kajin nan masu ƙaramin jiki, da kuka yi odarsu, kuka biya tun makonni, sun iso hannunku ba yadda muka saba ba ku kaya ba. Wasu mun buɗe kwali mun tarar sun riga sun mutu. Da yawa suna tsaye ido a lumshe, fukafukai a sake, ko kukan kirki ba sa yi. Ni na buɗe kwalayen da hannuna a tasha, na ga abin da kuka gani kafin ku gani.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka ku ba ni dama in faɗi yadda aka yi. Kun san ba a nan Kano ake ƙyanƙyashe su ba. Daga wajen Ibadan suke tasowa, tafiyar da ta kai kilomita 1,000. Yadda muka saba, ana fitar da su daga inji ranar Alhamis, a yi lodi da yamma, mota ta kwana tana tafiya cikin sanyin dare, kafin a sauko daga masallacin Juma'a suna shago. Da can akwai motar da ba ta ɗaukar komai sai tsaki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024, masu irin wannan mota suka fara janyewa, ko su ce sai an cika ta maƙil kafin su tashi. Odar bantam kuwa ba ta cika mota, ba kamar buloila, kajin nama, ba. Wannan karon wanda ke ƙyanƙyashe mana, ba tare da ya shawarce ni ba, ya haɗa kwalayenmu da wasu kaya a wata bas. Bas ɗin ta lalace tsakanin Jebba da Mokwa. A nan suka wuni ranar Juma'a a bakin garejin makanike cikin rana, an jibga wasu kaya a jikin kwalayen sun toshe ramukan shan iska. Da aka gyara, suka sake kwana a hanya, sanyin hunturu ya same su ta wajen Kaduna. Na kira direban nan ban san adadi ba, kullum amsarsa ɗaya ce, ga shi nan tafe.

Abin da ya sa wannan jinkirin ya yi musu illa haka shi ne, ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da guzurinsa a ciki. Dab da zai fito yake janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ita ce ke riƙe shi wajen awa 72 ba ci ba sha. Amma ba lokaci ɗaya suke fasa ƙwai ba. Wani ya riga ɗan'uwansa da kwana guda yana zaune cikin inji yana jira, to shi kafin Asabar guzurinsa ya ƙare. Ga shi bantam ƙaramin jiki gare shi. Ɗan tsakon buloila yakan kai gram 40, na bantam da yawa rabin haka ne ko ɗan sama kaɗan, saboda haka ya fi saurin hucewa, ya fi saurin bushewa da ƙishirwa.

Na ji maganar da ke yawo a WhatsApp cewa kwantai muka sayar, ko waɗanda aka tsince aka ware a gidan ƙyanƙyasa. Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo fiye da asarar. Shagon nan mahaifinmu ya buɗe shi, a gabansa na koyi riƙe tsako, kuma bai taɓa koya mana zuba wa mutum kayan da mu ba za mu kai gidanmu ba. Cikin kayan nan guda akwai kwalin da na kai gidana, suna ɗakin da nake kwana yanzu haka.

To, abin da ya fi gaggawa shi ne waɗanda suka rage. Yawancinsu ba cuta gare su ba, wahalar hanya ce, kuma ana iya ceto su idan aka bi su a hankali cikin kwanakin nan.

Ɗumi ne farko, kafin ruwa, kafin abinci. Tsakon da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya haɗiya, ko ka ba shi ma ba zai amfane shi ba. A makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke tsaye, a ƙasa, ba a saman ɗaki ba, sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya kalli tsakin kansu. In sun dunƙule waje ɗaya suna hawa kan juna suna tsuwa da ƙarfi, sanyi suke ji. In sun guje wa wutar sun manne da bango baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In sun bazu suna 'yar ƙaramar murya, an dace. A zagaye su da kwali ya zama da'ira, domin a lungu suke taruwa su danne na ƙasa ya mutu. Masu kaskon gawayi, don Allah a hura shi a waje sai ya yi ja ya daina hayaƙi kafin a shigar, a kuma bar wata kafa a sama. Iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe tsaki, tana kashe mutum. Wanda ya kwanta ya miƙe ƙafa kuwa kada a yi saurin jefar da shi. Jiya da dare na ɗauki wani da na fitar da rai da shi, na zuba ruwan zafi a gorar roba na naɗe ta da tsumma, na kwantar da shi a jikinta. Kafin in idar da sallar isha'i ya ɗaga kai.

Sai ruwa. Mai ɗumi-ɗumi, ba na randa ba. A sa gulukos, in babu a sa sukari babban cokali ɗaya a lita ɗaya, da bitamin na kaji in akwai. Na sukarin kwana ɗaya ya isa, in ya zarce yana sa su zawo. A kama kowane ɗaya a tsoma ƙarshen bakinsa a ruwan, a sake shi ya ɗaga kai ya haɗiye da kansa. Wanda ya kasa, a ɗiga masa ɗigo ɗaya a gefen baki da yatsa, a jira, a sake, a riƙa komawa kansa a kai a kai. Kada a buɗe masa baki a ɗura da sirinji. Ƙofar numfashinsa tana nan bayan harshe, cikin huhu ruwan yake tafiya, kuma mutum biyu sun riga sun kira ni da wannan. A zuba tsakuwa mai tsabta a bakin mazubin ruwan. Bantam yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, ko ya jiƙe sanyi ya ƙarasa shi.

Bayan sun sha da awa ɗaya ko biyu a kawo abincin tsaki, a ƙara murje shi don bakinsu ƙarami ne, a barbaɗa a faranti marar zurfi a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa kamar yadda uwa ke yi. Marasa ƙarfi a dafa ƙwai a murmushe musu gwaiduwar. Ban da tsabar gero, ban da dusa yanzu. Da dare a shafa gindin wuyansu ta dama: in ka ji 'yar jaka mai laushi a cike, ya ci ya sha. In wayam ce, a ware shi a kula da shi daban.

A duba bayansu safe da yamma. Tsakon da ya sha wahalar hanya kashi yakan bushe ya toshe masa dubura, in ba a cire ba ya mutu. A jiƙa da auduga da ruwan ɗumi har ya saki da kansa, kada a fizge, a tsane shi sosai, a shafa ɗan man kaɗanya. A lura kada a rikita dubura da cibiya, ita tana ƙasa ta wajen ciki, ba a taɓa ta. Kada a shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi na sa ƙafafunsu su baje. Buhun algarara ko tsohon tawul a kan ɓuntun shinkafa ya fi. Rigakafin Lasota da Gumboro kuma a bari sai sun miƙe, a tuntuɓi likitan dabbobi kan ranakun.

Game da asarar da kuka yi, muna kan magana da wanda ke ƙyanƙyashe mana, kuma muna duba yadda za a yi da sufuri nan gaba. Ba zan yi muku alkawarin da ban riƙe a hannu ba, amma ba za mu bar kowa haka ba in Allah ya yarda. Kowa ya riƙe lissafin abin da ya rasa.

Hajiyarmu ta Gwammaja, wadda ta fara sayen tsaki tun a hannun Baba, ke ce kika fara kira, kuma kafin ki yi maganar naki sai da kika tambayi yadda muka kwana da abin. Allah ya saka da alheri. Malam na Zariya da ke aiko ɗalibinsa duk wata, ƙanina na Wudil da ya fara da tsaki goma yau yake da gona, da matan unguwarmu da suka haɗa kuɗin adashi suka yi oda ɗaya, na san abin da wannan kuɗin yake a wurinku. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ina roƙonku kada tafiya ɗaya ta shafe shekarun da muka yi tare.

Shago a buɗe yake daga bayan sallar asuba har isha'i duk wannan makon. Wanda tsakonsa ya ƙi tashi ya naɗo shi a tsumma ya kawo, ko ya kira, ni ko ɗaya daga cikin yaran zai zo gida ya duba.

Wassalam.

Naku,
Mai shago, a madadin dukkan yaran shago