Zuwa ga aminina, kan maganar da ka yi ta gado

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Saƙonka ya iso, kuma wata magana da ka yi a ciki ta hana ni sakat. Ka ce tunda hawan jini ya yi ajalin Baba yana da shekara 62, kai ma zaman jiran naka kake yi, wai abin a jini yake. Allah Ya jiƙan Baba. Amma wannan magana, wallahi ban karɓe ta ba.

Ajali na Allah ne, babu ja. Abin da ke damuna shi ne irin lafiyar da za ka isa can da ita. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Denmak ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai ake jinginawa ga gado. Kuma da yawan abin da muke cewa gado, halin gida ne ɗa ya tashi ya tarar: hannu mai nauyi wurin zuba gishiri, taba, zama wuri ɗaya tun safe har dare. A garin Framingham na Amurka an fara bin lafiyar mutum 5,209 a 1948, aka ɗora da 'ya'yansu a 1971, sannan jikoki a 2002. Daga can duniya ta ƙara tabbatar da cewa taba da hawan jini da ƙiba da rashin motsa jiki su ke cinye zuciya. Baba bai san jininsa ya hau ba sai ranar da ya faɗi. Kai fa, yaushe rabonka da awo?

Ka ce 'yarka ta fari tana da juna biyu, Allah Ya raba lafiya. To ka sa ido a kan cimarta, don tsufan jikanka tun yanzu ake aza harsashinsa. Lokacin yunwar da aka yi a Holan daga 1944 zuwa 1945, 'ya'yan da suke ciki a sa'ad da iyayensu mata ke fama, da suka manyanta an ga ciwon suga da na zuciya sun fi kama su.

Bari in ba ka labarin Inna, mahaifiyata. Bayan rasuwar mahaifinmu ta koma zaman ɗaki, ba ta son magana. Tashi daga kujera sai ta dafa hannu biyu, ta yi yunƙuri sau uku. Da muka kai mata ƙaramar 'yata ta zauna da ita, dole ta sa ta tashi: raka ta bakin ƙofa, tsintar takalmi, faɗa kan wanka. Cikin 'yan watanni na gan ta ta miƙe da hannu ɗaya tana dariya, sai da idona ya ciko. Daga baya na san cewa binciken jami'ar Harvard, wanda aka fara tun 1938, ya gano jin daɗin zama da mutane a shekara 50 ya fi awon kitsen jini nuna lafiyar mutum a shekara 80. Ni kam a ɗakin Inna na fara ganin haka.

Yaranmu su ke ba ni tsoro. Babban ɗana yakan kai ƙarfe biyun dare da waya a hannu, ƙafarsa kuwa ba ta san tafiya ba. Na daina yi masa faɗa, yanzu tare muke fita da yamma, rabin awa, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, daidai mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu.

Don Allah ka je a auna ka cikin makon nan, ka turo mini abin da aka gani. In an rubuta maka magani, kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi. Ka gaida mini Mama da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka